Akushin Baƙo

A gidanmu akwai wani akushi da ba na kowa ba. Ya yi baƙi wuluk don tsufa, bakinsa ya tsage an ɗaure da waya, kuma duk daren duniya shi ake fara zuba wa tuwo kafin na Baba. Inna takan rufe shi da faifai, ta ɗora kwanon miya a kai, ta miƙo mini in kai zaure. In Allah ya kawo baƙo ya ci. In har aka idar da isha'i ba kowa, sai a juye wa almajirai. Tun da na yi wayo haka na tarar ana yi, shi ya sa ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba sai a 1984, ina aji biyar na firamare a Jibiya.

Baba tela ne. Zaurenmu shi ne shagonsa, shi ne kuma masaukin duk wanda dare ya yi wa. Keken ɗinkinsa Singer na ƙafa yana kusurwar gabas, tabarmi biyu a naɗe suna jingine da bango, sai randa da moɗa da buta. Yana da gona guda da jaki ɗaya da keken hawa, iyakar arzikin ke nan. Bayan magariba yakan zaga ta tasha kafin ya dawo gida, wai miƙe ƙafa yake yi. Mu dai mun san abin da yake nema: wanda mota ta bari, ko wanda aka yanke wa aljihu a kasuwa, ko tsohuwar da ta zo neman ɗanta ba ta same shi ba. Ba fatoma ba ne, ba ya karɓar la'ada, kuma ba ya tambayar mutum daga ina yake sai ya ga ya ci ya wanke hannu.

Wanda bai san Jibiya ba, garin yana bakin iyaka ne. Kana wuce Magama ka shiga Nijar, sai Ɗan Isa, sai Maradi. A lokacin muna cikin jihar Kaduna, don sai 1987 aka yanke jihar Katsina. Mutanen tsallake kuwa danginmu ne. Kakata ta wajen uwa 'yar Madarunfa ce, kuma har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maradi. Iyakar ta gwamnati ce, aure da kasuwa ba su san da ita ba.

Shekarar ta zo da abubuwa bisa abubuwa. Tun 1983 bushiya ta shiga shanu ta yi ɓarna. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa ta canza launin takardun naira. Sai kuma damina ta ƙi. Ruwa ya zo a makare, ya ɗauke da wuri, gero ya fitar da kai ya bushe a tsaye. Tsofaffi a ƙofar masallaci suka shiga lissafa yunwoyin da suka gani da waɗanda aka ba su labari, su Kakalaba da 'Yar Gusau da Muda, suna gardamar wacce wannan za ta yi kama da ita. Mutanen Nijar ba su jira ba, suka raɗa mata El-Buhari, saboda hatsin da suka saba saye daga Najeriya ya daina shiga gare su a daidai lokacin da suka fi bukatarsa. A rediyon Baba kullum labarin yunwar Habasha ake yi. Tamu ba ta bukaci rediyo ba, da ƙafarta take shigowa gari. Shingen kan titi ya tare motoci, amma bai tare mai bin daji da dare ba.

Wani dare a farkon sanyi Baba ya dawo daga zagayensa da ayari. Gaba wani dogon mutum ne mai rawanin shuni da ya koɗe, ya rufe fuska sai ido, takobi a rataye. Bayansa mace da goyo, da wata tsohuwa, da yara maza biyu, da jakin da kana iya ƙirga haƙarƙarinsa cikin hasken fitilar ƙwai. Baba ya tsaya a soron ciki ya yi gyaran murya.

“Kina ji? Mun yi baƙi.”

“Mutum nawa, Malam?”

“Shida.”

Ina tsaye kusa da Inna, na ga ta waiga ta dubi rumbu. Damman da muka samu a shekarar ba su kai rabin na bara ba, kuma mu bakwai ne a gidan. Shirun nata bai daɗe ba.

“A shigo da matan,” in ji ta.

Ta ƙara ruwa a miyar kuka, ta sa mara ta raba kowace malmala biyu. Wannan rabon da aka yi daren farko, ba a sake komawa cikakkiyar malmala ba sai bayan wata takwas.

Ni ne ɗan aike tsakanin cikin gida da zaure. Yayyena mata ba sa zuwa wurin maza, ƙannena kuma ba su isa a ba su akushi ba. Saboda haka ni kaɗai ne nake ganin ɓangarorin biyu, kuma abin da nake son rubutawa ke nan, don mutanen gari ɓangare ɗaya suka gani.

Kwana uku akushin yana dawowa kusan yadda na kai shi. Inna ta damu, tana zaton tuwon ne bai yi masa ba. Baba ne ya gano. A wurinsu babban mutum ba ya buɗe baki ya ci abinci a gaban wanda yake jin nauyinsa, ko ruwa ma ta ƙarƙashin amawali yake kurɓa. Daga ranar, da zarar na shigo da tuwo sai Baba ya miƙe ya ce yana da awon da zai ɗauko a makwabta. Ni kuma ya ja mini kunne.

“In ka ajiye, ka juya ka tafi. Kallon mai cin abinci ba tarbiyya ba ce.”

A rana ta huɗu mutumin ya naɗe tabarmarsa. Da 'yar Hausarsa mai nauyi ya ce ya gode, amma shi bai taɓa bara ba, ubansa ma bai yi ba, za su ƙara gaba. Baba bai daina taka keke ba. Ya ce ai dama yana so ya yi masa magana: ɓarayi sun yi yawa bana, keken nan kuwa shi ne cinsa shi ne shansa, yana neman mai gadin da zai riƙa kwana a zaure, in ya yarda za su shirya a kan abinci da ɗan abin da ya samu ran kasuwa. A iya sanina ko allura ba a taɓa ɗauke mana ba. Na daɗe ina juya wannan magana, ko Baba ya yi ƙarya? Na ga bai yi ba, domin daga ranar da gaske ya bar masa amanar keken da kayan mutane, ya daina kulle akwatin yadi, kuma ran kasuwa bai taɓa fashin ba shi haƙƙinsa ba ko da kwabo nawa ne. Mutumin ya zauna da rawaninsa a kansa, ba wanda zai ce masa almajiri. Ya riƙa tufka igiya da kaba yana kaiwa kasuwa, makwabta kuma suka gane ya san ciwon dabba, suka riƙa kiransa.

Mu duk Buzaye muke ce musu. Sai da na girma na san suna da dangogi da darajoji a tsakaninsu, kuma ba kowa ne cikinsu yake son sunan ba. Daga arewacin Dakoro suka fito. Da dare, in an samu ganyen shayi, yakan dafa a 'yar butarsa ko babu sukari, ya ba Baba labarin dabbobinsa. Bai taɓa faɗin yawansu ba. Ɗaya bayan ɗaya yake kawo su, kowace taguwa da sunanta da launinta, da rijiyar da ta faɗi kusa da ita. Ya ce sun kai shanu kasuwa lokacin da saniya ba ta sayen buhun gero, wasu ma mahauta suka yanka su a kwance don ba sa iya tashi. Baba ba ya ce masa ya yi haƙuri. Sauraro kawai yake yi, yana ɗinkin hannu, in ya kai aya ya tambaye shi, “To ita farar fa, a ina ta tsaya?”

A cikin gida kuwa Inna da baƙuwarta ba su da harshe ɗaya sai turmi. Matar ba ta jin Hausa sai gaisuwa, amma ta iya daka, suna yi suna lugude har ka rantse tare suka tashi. Inna tana kulle, ita ba ta yi, don haka ita ce take fita bayan gari da tsohuwar su tsinko yaɗiya da duk ganyen da fari ya bari, a dafa a kwaɗa da ɗan ƙuli. Dusar da a da ake ba jaki ta koma cikin tukunya. Garin rogo, wanda muke rainawa, ya zama abin marmari.

Yanzu zan faɗi abin da na yi, wanda ban taɓa faɗa wa Baba ba har ya koma ga Allah.

Da sanyi ya tsananta, abincinmu ya koma kunu da safe, tuwo da dare, ba komai a tsakani. Ina zaune a aji cikina yana ƙugi, ba na ganin allo sosai. Na tsani mutanen nan. Na tsani yaransu da suke zama kusa da murhunmu, na tsani tarin tsohuwar da dare. A raina nakan ce da ba su zo ba, da malmalata tana nan cikakkiya. Tsakanin cikin gida da zaure akwai wani ɗan soro mai duhu. Nan na fara tsayawa da akushin. In ɗaga faifai, in gutsuri tuwon ta ƙasa, in haɗiye ba miya, in shafe wurin da yatsa. Yunwa, a ba ki a huta. Na yi haka fiye da mako.

Wani dare ina cikin yi sai na ji motsi a bayana. Inna ce, ta biyo ni da ludayin da na manta. Bakina cike, hannuna cikin akushi. Na jira mari. Ba ta ce uffan ba. Ta karɓi akushin ta koma ciki, jim kaɗan ta dawo da shi a cike, ta miƙo mini, ta gyara faifan da hannunta. Na kai. Da na dawo sai na same ta tsugune a bakin murhu tana kankare ƙanzon tukunya tana jiƙawa da ruwa a ƙoƙo. Kwanonta yana gefe, wayam. Na tsaya ina kallonta, ta ɗago ta ce, “Je ka kwanta, gobe da makaranta.”

Babbar yayata ce ta gaya mini daga baya cewa ba ranar aka fara ba. Tun zuwan baƙin, rabon Inna yakan ƙare ne a kwanon yara, nata da na baƙuwar, ita kuma ta sha ƙanzo. Da rana in an tambaye ta sai ta ce azumi take ramawa. Ban sake tsayawa a soron nan ba. Duka bai taɓa shiga jikina kamar yadda ƙarar kankare tukunyar nan ta shiga ba, kuma har yau in na ji ana kankare tukunya da dare sai gabana ya faɗi.

A gari Baba ake yabo. In ya wuce sai ka ji ana cewa Malam tela mutumin kirki, baƙonka Annabinka, shi kam ya riƙe. Ya cancanta, ban rage masa komai ba. Amma buɗe ƙofar zaure aikin dare ɗaya ne, cika akushi kuwa aikin kowace rana ne, kuma wadda take yin sa ba wanda ya taɓa ganin fuskarta balle ya yaba mata. Na tabbata a shekarar nan akwai irinta da yawa a bayan katangun Jibiya da Illela da Maigatari, matan da aka san gidajensu da sunan mazansu. Bayan na yi aure na taɓa tambayar Baba ko ya san Inna ba ta cin abinci a lokacin. Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce ya sani, ya ga warwaronta yana zamewa har gwiwar hannu in ta ɗaga taɓarya. Ya ce da ya yi mata magana da ta musa, shi ya sa ya fara rage rabin nasa yana cewa cikinsa ba daɗi. Ita kuma, in akushinsa ya dawo, sai ta raba wa yara.

Da bazara ta kama, ƙyanda ta shigo gari. Goyon baƙuwar ta fara kamawa, 'yar da ba ta fi shekara ɗaya da rabi ba, dama jikin ba ƙwari. Kwana biyar ta yi, ta cika cikin dare a ɗakin Inna. Ban ji kukan uwar ba. Tsohuwar ce take wani irin gunji a hankali har asuba. Baba ya buɗe adakarsa ya ciro alawayyon da ya daɗe da ajiyewa don likkafaninsa, ya auna kamu uku ya sa almakashi. Inna ta yi mata wanka. Waɗanda suka zo jana'iza ba su cika sahu biyu ba, mutane suna tsoron cutar, wasu kuma suna ganin ba tasu ba ce. Bayan an dawo daga maƙabarta uban ya ciro takobinsa ya ajiye a gaban keke, ya ce ba shi da abin da ya fi shi. Baba ya ɗauka da hannu biyu ya mayar masa.

“'Yar da ta rasu a gidana 'yata ce. Ba a biyan uba kuɗin likkafani.”

Bayan mako guda ƙanwata, 'yar shekara uku, ta kwanta. Ta tashi, amma idonta na hagu ya yi hakiya, har yau ba ta gani da shi. Kawu ya zo daga Katsina dubiya, ya tsaya a tsakar gida yana faɗa da ƙarfi, yana cewa ga abin da kwashe-kwashe ya jawo, mutum bai ciyar da nasa ba ya tara Buzaye. Baba ya sunkuyar da kai. Inna ce ta amsa daga bakin ƙofar ɗaki, ita da ba ta taɓa ɗaga wa yayanta murya ba.

“Yaya, ƙyanda tana gidan liman, tana gidan sarkin fawa. Su wa suka saukar? Ka rage murya, wadda ta binne ɗiyarta tana jin ka.”

Gaskiyar Inna ce, cutar ta game gari. Amma ba zan ɓoye ba, maganar Kawu ba ta bar ni ba. Yanzu na san ƙyanda ta fi makantar da yaron da abinci bai ishe shi ba, wanda jikinsa ya rasa sinadarin bitamin A, kuma na san dalilin da ya sa abinci bai ishi yaran gidanmu ba a shekarar. Alherin nan an biya shi da tsada, kuma cikin waɗanda suka biya har da wadda ba a yi shawara da ita ba. Duk da haka in aka mayar da ni daren farko, aka ce ni ne zan amsa wa Baba, ban ga yadda zan ce a bar mutum shida a tasha cikin sanyi ba. Ƙanwata ba ta taɓa ɗora wa kowa ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin zuciyar tayar mata da zancen ba.

Gwamnati ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin barin ƙasa zuwa watan Mayun 1985. Muka riƙa ganin manyan motoci shaƙe da mutane da ƙullin kaya suna nufar iyaka. Mai unguwa ya zo da dare ya ja Baba gefe. Baba ya ce masa za su tafi, su ma hankalinsu yana gida, amma ba zai sallami mutum zuwa inda ko ciyawa babu ba, a bari ruwa ya sauka. Mai unguwa ya leƙa zaure ya ce shi dai bai ga kowa ba sai mai gadi, ya yi sallama.

Ruwa ya sauka bayan ƙaramar Salla. Baba ya sayar da kekensa na hawa, Raleigh, ya auno musu gero, ya harhaɗa ƙyallaye ya ɗinka wa yaran riguna. Inna tana da jar akuya irin ta Maradi, wadda ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli tun kafin fari, ita kaɗai ta rage mata. Ta kwance ta da 'yarta ta damƙa igiyar a hannun baƙuwar. Matar ta ƙi, Inna ta ƙi, suka tsaya riƙe da igiya ɗaya suna kuka, kowace tana magana da harshenta. A daren da za su tafi matar ta ɗauki ƙusa ta yi wani zane a bangon ɗakin Inna, da'irori da ɗigo-ɗigo da 'yan sanduna. Na zaci ado ne, na kwafe shi a bayan littafin lissafina. Da asuba muka raka su har bakin gulbi.

Ba su dawo ba, ba mu kuma sake jin ɗuriyarsu ba. In ina ba da labarin nan nakan ga masu sauraro suna jiran inda mutumin zai ɓullo wata rana da raƙumi ya ce ga tukuici. Babu wannan. Baba bai sake sayen keken hawa ba. Bangon ma wata damina ta rushe shi aka sake ginawa.

Bayan rasuwar Baba muna kwashe adakarsa na tsinci littafin lissafin nan a ƙasa, tare da ragowar alawayyon. Na tafi da shi Kano inda nake aiki, na nuna wa wani dattijon Buzu mai gadi a layinmu. Ya ce wannan ai rubutunsu ne, Tifinag, kuma mata sun fi riƙe shi. Rubutun ba ya ɗauke da wasula, sai mai karatu ya yi ta gwada sauti har kalma ta fito. Ya daɗe yana bin zanen da yatsa yana ƙus-ƙus a bayan rawani. Sannan ya ce abin da aka rubuta shi ne, “Wannan ni ce,” sai sunan mace. Wata takwas matar nan tana daka a tsakar gidanmu, ina cin abin da ta daka, sai ranar na ji sunanta.

Da na je gida na sami Inna a kan buzunta, ta tsufa, ido ya yi rauni. Na ce mata na samo wanda ya karanta zanen nan na bango, in gaya mata abin da ke ciki? Kafin in buɗe littafin ta faɗi sunan. Sannan ta faɗi na tsohuwar, da na yaran biyu, babban da ƙaramin, ta ɗan tsaya, ta faɗi na wadda take kwance a maƙabartarmu ta bayan gari.